Aljihun Da Na Ɗinka

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarin nan. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce ko dai an shafa fatiha ne na ɓoye muku don kada ku zo cin shinkafa. Ba a shafa ba. Kwana tara ke nan ban rubuta komai ba, domin duk sanda na ɗauki waya sai hannuna ya ƙi. Yau na ce gara in amayar da abin da ke cikina, ko na samu in yi numfashi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Kausar, 'yar Zariya ce ni, karatun digiri na biyu ya kawo ni Doha. Ina zaune a unguwar Mu'aither wurin Baffa Dogara, ƙanin mahaifina, da matarsa Inna Ajaratu. Baffa ya shekara ashirin da uku a ƙasar nan, tun yana direban gida har ya zama shi ke kula da direbobin wani kamfani. Shi ya kawo yayana Suraj, ya tsaya masa da sunansa aka ɗauke shi aikin gadi. Shi kuma Babanmu ya damƙa wa maganar aurena, ya ce abin da Dogara ya yanke shi ke nan, tunda shi ke ganin yaron da idonsa.

Yaron kuwa Muttaka ne. Kamfaninsu ɗaya da Yaya Suraj, shi ne ma shugaban masu gadin ɓangarensu, kuma shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta kamfanin. Na san wasu za su ce Bahaushe da kurket, ina aka haɗu? A makarantar kwana ya koya, ya zo nan ya tarar 'yan Pakistan da Nepal da Sri Lanka ba su da hutun Juma'a sai shi. Da aka tashi zaɓen kyaftin, kowane ɓangare ya ƙi yarda da na ɗan uwansa, sai suka haɗu a kan Muttaka. Wani dattijo ɗan Pakistan ya laƙaba masa Amana, sunan ya bi shi har ofis. Ni kuwa Kyaftin nake ce masa don tsokana, shi ya ce mini Malama.

Ranar da ya fara zuwa gaishe da Baffa, da lemon zaƙi ya yi mana bayanin wasan. Ya ce ƙwallon ta jar fata ce, ana goge gefe ɗaya a jikin wando har ya yi sheƙi, ɗayan gefen a bar shi ya tsufa da kansa. In aka yi haƙuri, ƙwallon takan riƙa lanƙwasa a iska ta ruɗa mai bugu. Amma a sa farce ko wani abu a kankare ta don a gaggauta, wannan haramun ne a wasan, sata ce tsagwaronta. Sai ya miƙa wa Inna lemon, ta miƙa mini, na miƙa masa.

"Haka muke yi a fili, Baffa," in ji shi. "Daga hannu zuwa hannu. Ni nake tsayawa kusa da mai jifa, don haka ba ƙwallon da za ta kai gare shi ba ta bi ta hannuna ba."

Baffa ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa. Ni a lokacin murmushin mai maganar kawai nake kallo, ban san Baffa ya adana kalmar ba.

To, ga inda nawa hannun ya shigo.

Mako uku da suka wuce, ranar wata Laraba da yamma, Yaya Suraj ya zo daga Mansura, unguwar da masaukinsu yake, da farin wandon wasansa a leda. Akwai keken ɗinki a kusurwar falonmu, Baffa ya sayo wa Inna shi, amma ni nake hawansa. Duk kaftanin Baffa da ya ɓalle, ni ce. Yaya ya ce in yi masa ɗan aljihu daga ciki, a ƙugu, ta gefen dama, wanda yatsu biyu za su shiga.

"Na mene ne, Yaya?"

"Mabuɗin loka, inda nake kulle kayana. Kullum sai ya faɗi a fili in yi ta nema."

Farin zare ya ƙare, sai na sa koren da na yi wa Inna bakin zani da shi, na ce ai daga ciki ne, ba mai gani. Baffa na kishingiɗe yana kallon labarai. Da na gama, ya miƙo hannu ya ce mu gani. Ya juya ƙugun wandon, ya zura yatsa a aljihun, ya ɗan tsaya.

"Wane irin mabuɗi ne siriri haka, Suraju?"

Yaya ya yi dariya, ya ce na zamani ne. Baffa ya dube shi, ya dubi aljihun, ya buɗe baki kamar zai ƙara wata magana, sai aka sako labarin gida Najeriya a talabijin. Ya ajiye wandon a hannun kujera ya ce a ƙara murya.

Juma'ar da ta gabata aka yi wasan kusa da na ƙarshe. Muttaka ya roƙi Baffa a bar mu mu je, Baffa ya ce shi yana da aiki amma direba zai kai mu. Bayan asuba muka fita ni da Inna, da fulas ɗin kunun gyaɗa da ƙosai a kula. Sanyin Disamba ya sa na ɗora suwaita a ƙarƙashin abayata, na yafa mayafi ruwan toka wanda Muttaka ya taɓa cewa yana yi mini kyau, ko da yake na yi kamar ban ji ba. Filin wani fegi ne bayan rumbunan ajiye kaya, ƙasa jawur, an shimfiɗa doguwar tabarma a tsakiya. Mutane sun fi ɗari biyu, wasu a kan bulo, wasu a saman motocin bas, kowa da waya a hannu.

Da farko ana cin su Muttaka. Masu bugun ɗaya ɓangaren sai aika ƙwallo suke har bayan motoci, Inna na cewa wannan wasa ai wahala ce da farin kaya. Can sai abu ya juya. Mai jifan su Muttaka, wani siririn ɗan Nepal, ya fara jefa ƙwallon tana tafiya sak sannan ta karkace ta tarwatsa sandunan da ke bayan mai bugu. Ɗaya ya fita, na biyu, na uku. Fili ya ɗauki ihu.

Ni idona na kan mutum biyu, yayana da wanda nake so. Na ga an miƙa wa Yaya ƙwallon, ya juya baya, hannunsa ya sauka ƙugunsa na dama, ya daɗe kaɗan, sannan ya wurga wa Muttaka. Na ce a raina mabuɗin ne ke damunsa. Muttaka ya cafe, ya fara tafiya wurin mai jifa, sai ya tsaya. Ya dubi tafin hannunsa. Ya murza ƙwallon da babban yatsa. Ya ɗaga kai ya dubi inda alƙalin wasa yake, ya dubi allon da ake rubuta maki. Daga nan ya miƙa wa ɗan Nepal ɗin, ya tafa hannu ya ce, "Yalla, yalla."

Ban san dalili ba, gabana ya faɗi. Sun ci wasan, aka ɗaga Muttaka sama, aka shanye kunun Inna tas. A mota muna dawowa na kasa cin ƙosai ko ɗaya.

Asabar da safe ina shirin fita laburare, wata ƙawata 'yar ajinmu ta turo mini bidiyo, ta rubuta, "Ba ƙungiyar mutuminki ba ce wannan?" Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Wani ya ɗauka daga saman bas. Mutum ne cikin fararen kaya da hula, ya ba da baya, ba a ganin fuskarsa, kuma duk su goma sha ɗaya haka suke sanye. Amma ana ganin yatsunsa sun zaro wani ɗan abu ruwan ƙasa daga ƙugu, sun goga wa ƙwallon sau uku, sun mayar. An zagaye wurin da jan layi. A ƙasa an rubuta sunan kamfanin, da kalmar ɓarayi a harshe uku.

Samfefa ce, irin takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita. Na kalla sau ya fi ashirin. Kowa na neman fuska, ni kuwa na san ƙugun.

Kafin azahar Yaya ya iso. Ya tabbatar Baffa ba ya nan, Inna kuma na wanka, ya tura mini leda a hannu.

"Ki warware shi. Ki wanke ki goge, kada a ga hujin allura. Mudir, shugaban kamfaninmu, ya ce ranar Alhamis kowa ya kawo kayan wasansa a duba."

"Yaya, mabuɗi ka ce mini."

"Na ce. Khalas, ya wuce."

"Me za a yi wa wanda aka kama?"

Ya share gumi, alhali ana sanyi. "Kansal. Su soke takardar zamansa, su sa shi jirgi. Sun ce an zubar wa kamfani mutunci, har wani babban wurin da muke gadi ya bugo waya."

"In ba a kama kowa ba fa?"

Ya kau da kai wajen taga. "Kyaftin ne ya sa hannu a takarda."

Na zauna a kujerar keken. Ya durƙusa gabana, yayana da bai taɓa durƙusa mini ba.

"Kausar, mudir na son Muttaka, ƙila ya tsaya a gargaɗi. Ni gargaɗi biyu ne a fayil ɗina. Matata Safiya na da cikin wata bakwai, kin sani. In koma Zariya in ce wa Baba me? An koro ni saboda wasan ƙwallo? Ba don kaina na yi ba. Shekara uku ana yi mana dariya a filin nan, ana cewa baƙaƙe sun zo wasan da ba na ubansu ba. Sau ɗaya na so mu rufe musu baki."

Na yi masa kallon da ban taɓa yi masa ba, amma ban ce a'a ba. Wannan shi ne gaskiyar da ta fi yi mini nauyin rubutawa. Na karɓi ledar, na cusa ƙarƙashin katifata. Sau uku ina ɗauko reza, sau uku ina mayarwa.

Litinin da rana ina laburare, littafi a buɗe gabana ban ga ko harafi ba, na tura wa Muttaka saƙo.

"Kyaftin, kwana biyu shiru."

"Malama, ina nan. Ana ta kai da kawo ne a ofis."

"Me suka ce?"

"Alhamis ƙarfe goma sha biyu. Ko in kawo suna, ko in kawo katina na aiki."

"Ka san wanda ya yi?"

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Na ƙirga har minti huɗu.

"Kada ki tambaye ni wannan, don Allah."

"Ba kai ka yi ba. Don me za ka ɗauki kayan wani?"

"Kafin kowane wasa akwai takardar da kyaftin ke sa wa hannu, cewa shi ke da alhakin yadda mutanensa za su yi wasa. Sau talatin da wani abu ina sa hannu ban ko karanta ba. Ran Juma'a da aka ɗaga ni sama ban ce a sauke ni a ɗaga wani ba."

"Ni fa? Ka yi tunanina?"

Wannan karon murya ya turo. Na sa abin ji a kunne. Muryarsa ta dushe, ina jin ƙarar motoci a bayansa. "Ke nake tunani, Kausar. Shi ya sa."

Na kifa kai a tebur na yi kuka mara sauti, har wata Balarabiya da ke kusa ta turo mini tishu. Ya sani. Ya san yayana ne, yana rufa masa asiri don kada ya shigo gidanmu da hannun da ya kori ɗan gidan. Abin da bai sani ba shi ne wadda yake yi dominta ita ta hau keke ta ɗinka wa satar ɗaki.

Bidiyon bai tsallake Baffa ba. Rabin direbobinsa 'yan kurket ne. Bai ce mini uffan ba, sai dai ya daina tsokanata da kiran "amaryar kyaftin" in na kawo masa shayi. Talata bayan magariba ya ce wa Inna, da ƙarfin da zan ji daga kicin, a gaya wa Muttaka ya zo gobe bayan la'asar, Suraju ma ya zo tunda shi ne wan yarinya, kuma a filin yake.

Laraba ta yi. Na sa atamfata shuɗiya da ban taɓa sawa ba, na cire, na mayar da tsohuwar doguwar riga. Inna na kicin tana dafa shayi mai madara da citta, irin wanda Baffa ke so. Ta zuba mini ido ina jera kofuna.

"Kwana huɗu ke nan kina wasa da abinci," in ji ta. "Jiya na ɗaga katifarki zan share."

Na ajiye kofin da ke hannuna.

"Ni dai ban ga komai ba," ta ce, ta juya ta rage wutar.

Ƙarfe huɗu saura suka yi sallama, tare. Na leƙa ta labulen da ya raba falo da hanyar kicin. Muttaka ya sa farar shadda da hula ƙube, ya rame cikin kwana biyar, ya cire takalmi tun daga waje ya zauna a ƙasa kan kafet, kansa a sunkuye. Yaya ya zauna can gefe kusa da keken ɗinki, yana wasa da mabuɗin ɗakinsu. Baffa na kan kujerarsa, wayarsa a kan gwiwa.

Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi mutanen gida. Sannan Baffa ya ajiye carbi.

"Muttaka, tambaya uku zan yi maka. Kai ka kankare ƙwallon nan?"

"A'a, Baffa."

"Na yarda. Kai ka sa a yi?"

"Wallahi a'a."

"Na yarda. Ranar da ka fara zuwa gidan nan, ka ɗauki lemo a kwanon can, ka ce mini ba ƙwallon da ke kai wa mai jifa ba ta bi ta hannunka ba. Haka ne ko tsufa ne ya sa na ji ba daidai ba?"

"Haka ne, Baffa."

"To, ran Juma'a sau nawa ta bi ta hannunka bayan an taɓa ta?"

Na riƙe labulen da hannu biyu ina addu'a ya ce bai lura ba. Allah ya gafarta mini, ƙarya nake roƙa masa.

"Ta fi sau talatin."

"Ka ji?"

"Tun na farko na ji. Gefen ya yi kaushi kamar bangon da ba a shafe ba." Ya murza tafin hannunsa. "Da na kai wa alƙali a lokacin, canja ƙwallo za a yi, a ci mu tarar maki, magana ta mutu a fili. Na dubi allo na ga mun fara dawowa. Na ce bari wannan zagayen ya wuce in yi magana. Ya wuce, na ce bari na gaba. Daɗin cin wasa ne ya rufe mini baki, Baffa, ba wani abu ba."

Baffa ya gyaɗa kai. "Ka faɗi gaskiya, wannan na ba ka. Yanzu wane ne?"

Mabuɗin da ke hannun Yaya ya daina motsi.

"Ka yi mini afuwa, Baffa. Ni aka ba su. Wanda ya yi, ya yi sau uku ko huɗu. Ni na yi shiru sau talatin. In akwai wanda zai hau jirgi, ni ne."

"Kana ganin wannan jarumta ce?"

"A'a. Abin da ya rage mini ke nan."

Baffa ya numfasa. Na san wannan numfashin, shi yake yi kafin ya sallami direba.

"Ɗana, ina son ka, Allah ya sani. Amma makiyayin da ya ga saniyarsa ta shiga gonar mutane ya kau da kai, ba saniyar ake kai wa gaban alƙali ba. Shekara ashirin da uku ina ƙasar mutane, abu ɗaya na riƙe. Duk abin da ya bi ta hannunka, ka ji shi, ka yi shiru, naka ne. Yau ƙwallo aka ba ka. Gobe 'yar mutane za a ba ka, da 'ya'ya. In ka ji kaushi a gidanka, allo za ka duba?"

Muttaka bai ɗago ba. Na ga ɗigon ruwa ya sauka a kan shaddarsa.

"Suraju," in ji Baffa, "kai kana filin. Kana da abin cewa?"

Na zuba wa yayana ido ta ɗan tsagin labule. Na ba shi dama, wallahi na ba shi. Na ƙirga numfashinsa. Ya dubi kafet, ya dubi Muttaka, ya dubi ƙofa.

"Ni ina can nesa, Baffa. Ban ga komai ba."

Baffa ya ɗauki wayarsa. "Shi ke nan. Bari in kira Yayana, mahaifin yarinyar, a Zariya tun kowa na zaune, kada a ce na yanke a bayan ido. Kausar, kawo shayin."

'Yan uwa, ban san wace ce ta saki labulen nan ba. Ban bi ta kicin ba, ɗakina na shiga. Na ɗaga katifa. Ina jin Safiya a raina da cikinta, ina jin ranar da Yaya ya goya ni daga Tudun Wada har gida don ƙaya ta soke ni. Ina son yayana. Ina son shi har yanzu da nake rubuta wannan. Na wuce kicin, Inna ta riga ta jera kofuna a tire. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya a kan kanta, tana kallona, ba ta hana ni ba. Na ninke wandon na ɗora.

Da na shiga falo wayar na ƙara, Baffa ya sa ta a fili yadda kowa zai ji. Na durƙusa na ajiye tiren a gabansa.

Yaya ya miƙe zumbur, ya koma ya zauna. Muttaka ya ɗago a karo na farko, ya dubi wandon, ya dube ni, ya girgiza kai a hankali kamar mai roƙo.

"Mene ne wannan?" in ji Baffa.

"Ka juya ƙugun, Baffa."

Ya juya. Ga sunan da masu wanki na Mansura suka rubuta da baƙin alƙalami, SURAJ. Ga koren zare, ɗinkin da ya sani sarai, don irinsa ne a wuyan kaftanin da ke jikinsa.

"Ni na ɗinka," na ce. "A keken can. Ranar Laraba, ana labarai."

Na ga idon Baffa ya tafi kan keken, ya dawo kan hannun kujerar da yake zaune, inda ya ajiye wandon nan mako uku da suka wuce. Fuskarsa ta canja yadda ban taɓa gani ba. A hankali ya zura yatsa a aljihun, kamar yadda ya yi ran nan. Da ya zaro, akwai jan garin fatar ƙwallo a kan farcensa.

Ƙarar wayar ta tsaya. Muryar Babanmu ta cika falon, da kukan awaki a bayanta.

"Salamu alaikum. Dogara? Ina jin ka. Yaron ya zo?"

Ba wanda ya motsa.

"Dogara, kai nake saurare. Me ka yanke?"

Baffa ya buɗe baki. Ya dubi Muttaka, ya dubi Suraj da ya kawo ƙasar nan da sunansa, ya dube ni. Sannan ya sake duban yatsansa.